Hira a Rumfa: Takardar AMH da ke hana mata barci

Nana: Assalamu alaikum masu saurare. Anti Rabi, saƙonnin da anka turo muna wannan makon duk magana guda: AMH. Har wata daga Tambuwal tac ce nata ya fito 0.7, ko abinci ba ta iya ci.

Anti Rabi: Allah sarki. Ta ci abincinta. Wanga gwaji na jini ƙiyasi kawai shike yi na yawan ƙwan da ya rage wa mace. Ana haihuwar ɗiya mace da ƙwai miliyan 1 zuwa 2, ta balaga saura kamar 300,000 zuwa 400,000, kuma ba a ƙara ko guda. To AMH kamar leƙa rumbu ne, ki ga dami nawa sunka rage. Ba shi gaya miki ko hatsin mai kyau ne.

Bello: To mi ke gaya mata?

Anti Rabi: Shekaru. Daga 35 ingancin ƙwai ke sauka da sauri. 'Yar shekara 28 mai AMH ƙasa ta fi 'yar 42 mai AMH sama damar riƙe ciki, don ƙwan babba sun fi zuwa da matsalar halitta, shi ya sa ɓari ke yawa. A 2017 an yi bincike a Amurka kan mata 'yan 30 zuwa 44 da ba su da tarihin rashin haihuwa, anka ga masu AMH ƙasa suna samun ciki kamar sauran.

Nana: To Anti, don mi likitoci ke nema?

Anti Rabi: Don dashen ƙwai, IVF, wato a ciro ƙwan mace a haɗa shi da maniyyi a asibiti, sannan a mayar mata cikin mahaifa. Can yake da aiki. Da shi da sikanin da ake ƙirga 'yan ƙullutun ƙwai, likita ke sanin yawan allurar da zai ba mace da ƙwai nawa ake sa ran ciro mata. Mai ƙasa, ƙwai kaɗan za a samu, wani sa'in a maimaita zagaye, kuɗi su ƙaru. Mai sama sosai kuma, kamar masu PCOS, wato lalurar da ke rikita al'ada da fitar ƙwai, tsoron shi ne allurar ta yi mata yawa, ciki ya tara ruwa.

Bello: Ni fa na ga wata a Facebook tana tallan garin da ke cika mahaifa da ƙwai cikin sati biyu. Kuma tac ce asalin haɗin Sakkwato ne.

Nana: Kai, Yaya Bello! Komi sai a liƙa muna. Na tafi biki Kaduna, ina faɗin garinmu wata ta ja ni gefe, wai ina ajiyar?

Bello: Kin ba ta?

Nana: Kilishi ne a jakata, shi na ba ta.

Bello: Ƙila shi ma yana aiki. A sa mai suna, a ninka kuɗin.

Nana: "Kilishin mallaka."

Bello: Da yaji na musamman, daga Kasuwar Daji kai tsaye!

Anti Rabi: Ku dai ku yi ta shiririta. Ba gumba, ba tsimi, ba garin da ke ƙara ƙwai. Abin da ke ba ni haushi, mace ta share shekara biyar wajen masu magani, sai ta kai 39 ta zo asibiti. Ƙa'ida ita ce shekara guda ana tare ba ciki, a ga likita. In ta wuce 35, wata shida. Ga UDUTH nan, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, akwai likitocin mata. Kuma malamai sun halatta dashen matuƙar ƙwan matar ne da maniyyin mijinta, aure na nan daram.

Bello: Da ma mun ce za mu rufe da batun maza…

Anti Rabi: Ai kusan rabin matsalar rashin haihuwa da hannunku ciki, kuma gwajin maniyyi ya fi na mace sauƙi da araha, amma ku ja ku tsaya, sai dai a ƙaro amarya.

Bello: Anti, an kira la'asar.

Nana: Ya tsere! To sai mako mai zuwa, ku ci gaba da turo saƙo.