Amsoshin tambayoyinku: Injin motata yana tik-tik, a buɗe shi ko a bari?

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da yamma daga nan Damagaram. Filin amsoshin tambayoyinku ne, yau kuma ranar masu mota ce. Ina tare da wani dattijon makaniki da ya yi furfura a cikin baƙin mai. Baba, barka da zuwa.

Makaniki: Barka kadai, ɗana. Ina gajiya?

Mai gabatarwa: Ba gajiya. Saƙonni sun yi yawa, lokaci ga shi kaɗan, bari mu fara da masu sauƙi. Wani daga Mirya ya ce in ya dawo daga tafiya ya kashe mota, sai ya riƙa jin tik, tik daga ƙarƙashi, jefi-jefi, har ta yi shiru. Wai uwargida ta ce a kira malam ya yi wa motar tofi.

Makaniki: Addu'a ba ta ɓaci, amma wannan ƙarfe ne yake hucewa. Bututun hayaƙi ya sha zafi ya buɗe, yana yin sanyi yana komawa yadda yake. Ya je ya yi barcinsa.

Mai gabatarwa: Ka ji, mutumin Mirya. Sai wani daga Tanut, shi kuma ƙas-ƙas-ƙas yake ji, amma sai in ya murɗa sitiyari har ƙarshe zai yi kwana.

Makaniki: Ba inji ba ne, kardan ne, wato sandar da ke juya tayar gaba. Robar ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga. Ya leƙa bayan tayar gaba, zai ga giris ya fantsama.

Mai gabatarwa: To, yanzu ga wadda za mu zauna a kanta, domin irinta ta zo daga Magarya, ta zo daga Gure, direbobin taksi ma sun turo. Zan karanta ta wata malamar makaranta daga unguwar Birni. Ta ce: "Ina da tsohuwar Corolla. Kwanan nan injin ya fara wani ƙara, tik-tik-tik, kamar keken ɗinki. Da safe ya fi ƙarfi, in na taka wuta ƙaran ya ƙara sauri. Makaniki na farko ya ce buji ne, na canza, ƙara na nan. Na biyu ya ce sai an sauke inji an buɗe. Albashina ba zai ɗauki wannan ba. Ina mafita?" Baba, ga Malama.

Makaniki: Malama, kada ki yarda a buɗe miki inji tukuna. Ka ga yaran yanzu, ɗana, ba su da kunne. Mu lokacin da muke koyo, maigidanmu zai tsayar da kai gaban Peugeot 504, ya ce rufe idonka, faɗa mini wane silinda ne ke kuka. In ka kuskure ka sha ranƙwashi. Yau yaro ya yi wata shida yana wanke sufana, gobe ya kafa rumfa a bakin hanyar Matamaye, wai shi ma patron ne. Ga waya a hannu ɗaya...

Mai gabatarwa: Baba, a yi wa yara afuwa, Malama tana jira.

Makaniki: To. Ai ta riga ta yi rabin aikin da kanta. Ta ce ƙaran yana bin wuta. Ke nan mota na tsaye, an taka wuta ya yi sauri, an saki ya ragu. Wannan ya nuna abin yana juyawa tare da inji, ba taya ba ce, ba kardan ba. Abu na farko, ta auna baƙin mai. A tsayar da mota a wuri mai daidai, a kashe, a ba ta kamar minti 5, a zaro sandar awo a goge, a mayar, a sake zarowa. Akwai alama biyu a jikinta, dole mai ya tsaya tsakaninsu. A yawancin ƙananan motoci tazarar nan wajen lita 1 ce.

Mai gabatarwa: Me ya haɗa ƙarancin mai da tik-tik?

Makaniki: Mai yana kwance ne a ƙasa, famfo ke tura shi sama. Supap, wato ƴan ƙofofin da ke shigar da iska da fitar da hayaƙi, da sandar da ke danna su suna can saman inji, a kan kulas, su ne na ƙarshe da mai ke isa wurinsu. In ya yi ƙaranci, ko ya yi datti ya yi kauri, su ne ke fara kuka. Wasu injuna kuma suna da ƴan ƙananan pusuwar da mai ke cikawa, su ke cike giɓin da ke tsakanin sandar da supap. Mota ta kwana, man cikinsu ya tsiyaye. Ka tayar da safe, tik-tik na ƴan daƙiƙoƙi, mai ya hau, shiru. Wannan ba ciwo ba ne. Amma in ya ɗauki mintoci, ko inji ya yi zafi yana nan, to a duba. Sau da yawa ma filtir ne. Filtir na kirki yana da wata ƴar roba a ciki da ke hana mai komawa ƙasa in an kashe mota. Na arahar nan, robar ba ta riƙewa, kullum da safe saman inji a bushe yake tashi.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita don wanda ya buɗe rediyo yanzu. Ƙaran da ya zo da safe ya tafi nan take, ba abin tsoro ba ne. Wanda ya zauna, a fara da auna mai, a duba yaushe aka yi bidanji, wato canjin baƙin mai, a duba wane irin filtir aka sa. Haka ne, Baba?

Makaniki: Haka ne. Amma tata tsohuwar Corolla ce, da yawansu ba su da pusuwar na mai. Ƴan fale-falen ƙarafa ne, pastil, ake sawa a daidaita giɓin. In sun ci, giɓi ya buɗe, sai tik-tik. Ana buɗe murfin sama kawai, a auna da kal, wato siririn ƙarfen awon giɓi, inji na sanyi. Murfin sama fa na ce, ba sauke inji ba. A 504 ma ya fi sauƙi, noti ne za ka sassauta ka murɗa. Kuma ni a ganina, supap mai ɗan kuka ya fi wanda aka matse ya yi tsit. Wanda aka matse ba ya rufuwa sosai, wuta na bi ta gefensa, a hankali ya ƙone. Mai mota yana murna an kashe ƙara, ashe an ɗaura masa kashe kuɗi.

Mai gabatarwa: Ke nan nata supap ne?

Makaniki: A'a, kada ka sa ni yanke hukunci ta rediyo. Akwai wani da nake zargi, tunda ta ce da safe ya fi ƙarfi. Inda bututun hayaƙi ya kama jikin kulas akwai juwan, wato faifan da ke toshe mahaɗar. In ya ƙone, ko noti ɗaya ya karye, hayaƙi na tsartuwa ta nan, cif-cif-cif, kunne ya ɗauka ƙarfe ne ke bugun ƙarfe. Inji na yin zafi, ƙarfe ya buɗe ya toshe kafar, ƙara ya ragu ko ya ɓace. Alamarsa baƙin toka a wurin, wani lokaci da warin hayaƙi in an buɗe kapo. Wannan gyaran ƴan jikkuna ne. Na sha ganin an sauke inji a kan wannan, wallahi, an mayar, ƙara na nan.

Mai gabatarwa: To ta yaya za a bambance?

Makaniki: Da dogon turnabis. Ka ɗora bakinsa a kan murfin sama, ka kanga ƙotar a kunnenka. Ka matsa gaba, ka matsa baya, inda ƙaran ya fi fitowa nan ne gidansa. Ka ɗora a kan injekter ma, mai fesa wa inji fetur, za ka ji yana tik-tik da sauri, daidai wa daida. Wannan aikinsa ke nan, kada wani ya ce miki ya lalace. Sannan a lura da saurin ƙaran. Sandar supap juyi 1 take yi in inji ya yi 2. Inji na tsaye yana juyi 800 a minti, supap ɗaya zai buga sau 400, wato sau 6 zuwa 7 a daƙiƙa.

Mai gabatarwa: Alhazai masu babbar riga, wannan aikin ba naku ba ne sai kun tuɓe.

Makaniki: Kai, ka tuna mini. Ba wasa ba ne. Riga, mayafi, carbi a wuya, duk a cire. Kuruwa, wato bel ɗin inji, na juyawa, fanka kuma tana iya tashi da kanta ba sallama. Malama ta tsaya gefe, ta sa makaniki ya yi a gabanta, ya miƙa mata turnabis ɗin ta ji da kunnenta.

Mai gabatarwa: Wane ƙara ne za a ji a ce to, yanzu kam a tsaya?

Makaniki: Wanda ya fito daga ƙasa, mai nauyi, gwaf-gwaf, ba siriri ba, kuma yana ƙaruwa in mota ta ɗauki kaya ko an taka wuta. Wannan kusine ne ya ci, wato shimfiɗar ƙarfen da babbar sandar ƙasan inji ke juyawa a kai. In kuma jar fitilar mai ta kama kana cikin tafiya, ka sauka gefe ka kashe nan take. Kada ka ce bari in lallaɓa in kai Takeita. Ba za ka kai ba, biyel, wato sandar da ke riƙe da fistan, zai fasa inji ya leƙo waje. A ja ta da igiya.

Mai gabatarwa: Ku ji da kyau. Siririn ƙara daga sama, akwai lokacin bincike. Bugu mai nauyi daga ƙasa, ko jar fitila, a kashe mota.

Makaniki: Bari in ƙara da faɗa kaɗan. Masu zuba mai mai kauri don ƙara ya yi shiru, musamman in za su sayar da mota, ku ji tsoron Allah. Injin da aka ƙera don mai marar kauri, 5W-30, ka ɗura masa mai kauri, 20W-50, ka rufe masa baki ne, da safe kuma man ya daɗe bai hau sama ba. Tsohon inji da ya saki, wannan dabam. Da masu sayen baƙin mai a galan da ba hatimi, araha ba ta ado. Ga ƙurar hunturu, ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, a ƙasar nan mai ba ya jimawa.

Mai gabatarwa: Saura minti 2. Direban Hiace mai bin hanyar Agadas ya ce in ya cika fasinja ya taka wuta da rana, sai ya ji ƙyar-ƙyar-ƙyar, in ya saki ya daina. Ya ce ruwa-ruwa yake sha, wato fetur na ƴan bakin hanya.

Makaniki: Ai da, kafin matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011, kusan duk man garin nan daga waje yake zuwa, muna tace shi da tsumma...

Mai gabatarwa: Baba, minti 1.

Makaniki: Mai ne ke kamawa ba a kan lokaci ba. Ya rage bitesi in zai hau tudu, ya sha cikin tanki ɗaya a gidan mai ya gwada, ya duba ko inji na zafi fiye da ƙima. In bai daina ba, a duba alimaji, wato saitin lokacin kama wuta. Kada ya bari, yana huda fistan.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe, wani ɗalibi daga Sabon Gari, motar babansa ce ya ɗauka, ya ce tik-tik ɗin sai mota na tafiya, in ta tsaya babu.

Makaniki: Tsakuwa ce a taya, ko ƙusa. In ƙusa ce kada ya zare sai a gaban mai faci. Kuma ya mayar wa babansa makulli.

Mai gabatarwa: Malama ta Birni, in an gwada ki rubuto mana abin da aka samu. Masu tambaya kan batir da radiyater, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Baba, mun gode.

Makaniki: Madalla. A gaida gida.