Na Je Kabarin Fanny Crosby, Raina Ya Ɓaci

Jama'a, ku duba dutsen nan. Ko gwiwata bai kai ba. Wannan fa kabarin Fanny Crosby ne, matar da ta rubuta waƙoƙin sujada fiye da 8,000! Abin da aka rubuta a jiki shi ne "Anti Fanny", sai 'yar aya daga Markus 14:8, wai ta yi iyakar abin da za ta iya. To ku juyo nan ku ga na P. T. Barnum, mai nuna wa mutane giwaye da 'yan tsalle-tsalle don kuɗi. Sai ka ɗaga kai kafin ka ga ƙarshensa. Sai 1955, shekara arba'in bayan rasuwarta, aka kafa mata wancan babban na gefe.

Ina Bridgeport ne, jihar Connecticut a Amurka, maƙabartar Mountain Grove. Daga New York na shigo jirgin ƙasa, dala talatin suka tafi, zuwa da komawa. Ita kuwa dala biyu ake ba ta a kan waƙa guda. Na san kuɗin da ba na yanzu ba ne, amma abin ya tsaya mini a rai.

Tana da sati shida a duniya ta makance. A ka take shirya waƙa tsaf, ta riƙe ta, sai mai rubutu ya zo ta faɗa masa. Da waƙoƙin suka yi yawa, masu buga littafi suka ga sunanta zai cika ko'ina, sai ta riƙa sa wasu sunayen.

Baitin da ke kan babban dutsen na waƙarta "Blessed Assurance" ne, ta 1873. Ina karantawa sai muryar Mama ta faɗo mini, da tsohon Littafin Waƙoƙinta wanda bangonsa ya cire ta ɗinke da zare. Har na girma ina zaton waƙoƙin nan namu ne na Jos. Kuma ba cika baki ba, mun fi Amurkawa iya rerawa. Cocin da nake zuwa a nan, tsofaffi ne 'yan kaɗan, kowa na jan murya kamar mai jin barci. A kawo musu Zumuntar Mata da tulu da kacau-kacau su ji!

In za ku zo, kada ku yi irin tawa, ku nemi taswirar wurin tukuna. Kusan awa guda na yi ina bulayi cikin kaburbura, sanyi na cin yatsuna.