Ta yaya rada ke sanin yawan ruwan da ya zuba?

Jama'a, wannan taswirar hasashen yanayi da kuke gani mai kore da rawaya da ja, ana cewa ruwa milimita kaza ya sauka a wuri kaza, toh ku sani rada, wato na'urar da ke leƙen hadari daga nesa ta samar da taswirar, ba ta taɓa ɗigo ko ɗaya ba, saurare kawai take yi. Tana harba siginar rediyo cikin hadari, ɗigon ruwa su maido mata da ɗan kaɗan, lokacin da siginar ta ɗauka kafin ta dawo shi ke nuna nisa, ƙarfinta kuma ana auna shi da ma'aunin da ake kira dBZ.

Yanzu ku natsu, nan ne wurin da ya fi ɗaukar hankalina. Ɗigon da faɗinsa ya ninka na wani sau 2, ruwan cikinsa sau 8 ne, amma siginar da zai maido sau 64 take ninkawa! Kenan manyan ɗigo ƙalilan za su iya cika wa rada kunne fiye da yayyafi mai yawan gaske wanda a zahiri ya fi su ruwa. Shi ya sa a 1948 masana biyu Marshall da Palmer na jami'ar McGill a Kanada suka yi nazarin girman ɗigo, daga nan aka samu lissafin da ke juya ƙarfin sigina zuwa milimita a awa, da shi 40 dBZ ke ba da wajen milimita 11 zuwa 12. Kuma milimita 1 fa lita guda ce a kan kowace murabba'in mita.

Sai dai lissafi ɗaya ba ya yi wa kowane ruwa daidai, na tsawa daban, na yayyafi daban. In ƙanƙara ta shigo, sai rada ta ɗauka ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, a nesa kuma saboda lanƙwasar duniya siginar sama take bi ta tsallake ruwan ƙasa-ƙasa, wani ma yana bushewa a iska bai iso ba.

Zuwa 2013 Amurka ta gama sauya na'urorinta na rada suna harba sigina iri biyu, mai kaɗawa a kwance da mai kaɗawa a tsaye, suna gane siffar ɗigo, su bambance ruwa da ƙanƙara. Duk da haka masana sai sun gwada da ma'aunin ruwa na ƙasa su gyara lambobin, kuma ni dai taswirar da aka yi wa wannan gyaran ita nake so ku dogara da ita in maganar ambaliya ake.