Wiwi a Aljihu da Wiwi a Kan Sitiyari: Abin da Doka Ta Ce

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugabannin tasha, iyayenmu direbobi, 'yan kamasho da yaran mota, ina yi muku barka da wannan lokaci.

An ce in yi magana kan dokar tabar wiwi. Zan fara da aljihu, daga baya mu hau sitiyari, domin doka ba ta kallon su da ido ɗaya.

Tun 1966 Najeriya ke da doka ta musamman kan wiwi, amma wadda ake yawan kai mutane kotu da ita yanzu ita ce dokar da ta kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, a 1989. Sashe na 19 ya ce duk wanda aka samu da hodar iblis ko makamantanta, da saninsa kuma ba da izinin hukuma ba, ɗaurinsa shekara 15 zuwa 25. Wasu lauyoyi sun taɓa jayayya cewa ba a ambaci wiwi da suna a wurin ba, Kotun Ƙoli ta ce ai tana cikin makamantan. Wanda kuma ya yi safarar ta, wato ya ɗauke ta daga wani gari zuwa wani, dokar ta tanadar masa ɗaurin rai da rai. Gaskiya ne alƙalan Babbar Kotun Tarayya, inda ake yin waɗannan shari'o'i, sukan sassauta wa wanda ya amsa laifi ko aka kama da ɗan ƙulli. Amma wannan alfarmar alƙali ce, kada kowa ya dogara da ita.

Ku riƙe kalmar nan ta "da saninsa", domin a nan ne maganar ta shafe ku kai tsaye. Mutum zai zo tasha da kwali a ɗaure, ya ce saƙo ne, a kai Zariya, ya biya kuɗi ya juya. Ba ka buɗe ba, ba ka rubuta sunansa ba. A shinge aka buɗe but, ga ganye. A takarda, masu gabatar da ƙara ne za su tabbatar cewa ka sani. A zahiri kuwa, kayan a motarka aka gani, kai ne a tsare, motar kuma tana ajiye a ofishin NDLEA har sai an gama bincike, kuma in aka tabbatar da yardarka aka ɗora, kotu na iya ƙwace ta. Saboda haka saƙo a buɗe shi a gaban mai shi, a rubuta suna da lambar waya a littafin tasha. Wanda ya ce ba za a buɗe ba, ya ɗauki kayansa.

To, mu hau sitiyari. Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra, FRSC, ta 2007 ta hana tuƙi cikin maye, na giya ko na ƙwaya, kuma tarar da ta sa a jadawalinta naira 5,000 ce. Ku gwada da kanku: ƙulli a aljihu shekara 15, amma mutum ya busa ta ya kwashi rayuka goma sha takwas a bas, tararsa ba ta kai kuɗin man tafiyar ba. A ganina wannan ma'auni a karkace yake.

Kuma ba tarar kaɗai ce matsalar ba, tabbatar da laifin ma aiki ne. Giya tana da na'urar da ake hurawa, adadin da ke jini kuma yana tafiya da yawan mayen. Wiwi ba haka take ba. Sinadarin da ke bugarwa, THC, yana hawa jini cikin mintuna kaɗan, ya sauka da sauri, alhali kan mutum bai dawo daidai ba. Sannan yana maƙalewa a kitsen jiki, shi ya sa mai sha kullum za a iya ganin alamarta a fitsarinsa bayan makonni. Gwajin fitsari yana nuna an sha, ba ya nuna ana cikin maye a lokacin tuƙi. Ƙasashen da suka sa iyakar THC a jinin direba ma ba su yi ittifaƙi ba. Ingila tun 2015 ta sa nanogiram 2 a kowace mililitar jini. Kanada, da ta halatta wiwi a 2018, ta yi mataki biyu, 2 da 5, kuma ta tsananta wa direbobi a shekarar da ta halatta ɗin. Jamus ta tsaya a 3.5 a 2024.

Na ji wani a baya yana cewa wiwi ce ke sa shi natsuwa a doguwar tafiya. Malam, abin da kake ji natsuwa, jinkiri ne. Tana rage saurin kai ƙafa birki, tana ɓata ƙiyasin tazarar da ke tsakaninka da tirelar gabanka, tana sa mota ta riƙa barin hannunta. In aka haɗa ta da giya ko rashin barci, abin ya ninka. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin tarayya suka yi a 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi miliyan 10.6 a ƙasar nan, kuma wasunsu da lasin a aljihu.

In kuwa aka yi hatsari aka rasa rai, maganar ta bar tarar 5,000, ta koma tuhumar tuƙin ganganci da ya jawo mutuwa, kuma abin da aka samu a motar zai zama shari'a ta biyu a wata kotun daban.

Shugaba yana nuna mini agogo. Masu tambaya su ɗaga hannu, mu fara daga wannan ɓangaren.