Na je kabarin Kanar Butler a Kanada

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Yau ina Niagara-on-the-Lake, ɗan ƙaramin gari a lardin Ontario. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, sanyi ya fara shigowa. Maƙabartar nan da ke bayana, a nan aka binne Kanar John Butler a 1796.

An haife shi a Connecticut a 1728, lokacin Amurka tana hannun Ingila. Ya girma a kwarin Mohawk, ya iya yaren mutanen wurin, shi ya sa aka ɗauke shi aiki a ofishin da ke hulɗa da 'yan asalin ƙasar. Da yaƙin neman 'yanci ya ɓarke a 1775, maƙwabtansa suka juya wa sarkin Ingila baya, shi kuwa ya ce yana nan daram. Aka ƙwace filayensa, aka tsare matarsa da wasu 'ya'yansa shekara da shekaru. A 1777 ya haɗa rundunarsa, Butler's Rangers, suna yaƙi kafaɗa da kafaɗa da mayaƙan Irokwa, 'yan asalin ƙasar.

Ɗazu na tsaya bakin kogi, ga ganuwar Fort Niagara can a ɓangaren Amurka, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. A tsallaken can, idan aka ce Butler, abin da ake tunawa shi ne kwarin Wyoming a Yulin 1778, inda rundunarsa da mayaƙan Irokwa suka kashe mutum wajen 300. A nan kuwa shi ne uban gari, har an taɓa kiran garin Butlersburg. Ya zama alƙali, ya kuma riƙe harkar 'yan asalin ƙasar. Ɗansa Walter bai ga ƙarshen yaƙin ba, an kashe shi a 1781.

Amma wallahi wanda ya tsaya mini a rai ɗaya ne daga cikin sojojinsa, Richard Pierpoint. Ɗan Bundu ne, ƙasar Musulmi a Sanagal ta yau. Yana da shekara kamar 16 aka kama shi aka sayar. Ya shiga rundunar Butler saboda Ingila ta yi alƙawarin 'yanta bayin da suka bi ta, alhali Butler kansa yana da bayi a gidansa. A yaƙin 1812 tsakanin Ingila da Amurka, yana dattijo, ya sake ɗaukar bindiga a Queenston Heights. A 1821 ya roƙi gwamnati ta mayar da shi gida. Ba a mayar da shi ba, fili aka ba shi a daji kusa da Fergus.

Ni da nake sayen tikiti na koma gida duk sallah, da na karanta wannan sai da na yi shiru. Yanzu zan kama hanyar St. Catharines, akwai wani rafi da ake kira Dick's Creek da laƙabin Pierpoint, ina so ku gan shi kafin rana ta faɗi.