Sharhi: Mai motar lantarki a Abuja, ina zai yi caji?

Jama'a masu sauraro, tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana cewa tallafin man fetur ya ƙare, maganar motar lantarki ta fita daga zauren taro ta shigo bakin direbobi a tasha. Tun a 2021 aka nuna Hyundai Kona da aka harhaɗa a Legas, hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, kuma ta kafa wuraren caji masu aiki da hasken rana a jami'o'in Sakkwato, Legas da Nsukka. Sai dai wanda ya sayi motar a yau, tambayarsa ɗaya ce: ina zai yi caji idan ya bar gida?

A Abuja wuraren ba su da yawa, kuma samun wurin ba shi ne ƙarshen wahala ba. Mun ga direban da ya bi taswirar wayarsa tun daga Kubwa zuwa cikin gari, batirinsa ya kusa ƙarewa, ya tarar da na'urar cajin tana aiki lafiya, amma bakin wayarta bai shiga motarsa ba. Dalili kuwa shi ne, motocin da aka ƙera domin kasuwar China suna da irin bakin da ake kira GB/T, na Turai suna da CCS2, tsofaffin Nissan Leaf kuma CHAdeMO, mu kuwa daga ko'ina muke shigo da mota. Don haka kafin mutum ya kama hanya, ya san irin bakin motarsa, ya kuma buga waya ya tabbatar akwai wuta.

Sai maganar lokaci, wadda masu sayar da mota ba su cika tsayawa a kanta ba. Na'ura mai ƙarfin kilowat 7 tana ɗaukar sama da awa 8 kafin ta cika matsakaicin batir, wato aikin kwana ne. Mai kilowat 50 kuwa takan kai shi kashi 80 cikin ɗari a kusan awa guda, daga nan cajin ya rage gudu domin kare batirin. Ɗan tasi da ke neman na cefane ba zai iya zaman jiran ta farko da rana ba.

Wutar kanta abin dubawa ce. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, bisa alkawarin awa 20 a rana. Wurin cajin da ba shi da sola ko batirin ajiya, da zarar an ɗauke wuta sai ya tada janareta, tsadar dizal kuma ta koma kan direba.

Mai niyyar Jos ta Keffi da Akwanga ya tuna cewa Hawan Kibo na cin batir fiye da shimfiɗaɗɗiyar hanya. A ganinmu, irin wannan hanya ce ta fi buƙatar na'ura mai sauri, ba harabar ofis ba. Muna kuma kira ga NADDC da hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, da su tsayar da irin bakin da kowace tasha za ta tanada, su wajabta kafa allo a ƙofa mai nuna ƙarfin na'ura, farashin yunit da lokutan aiki, da Hausa da Turanci.