Yadda Manyan Kwamandojin Yaƙi Suke Hawa da Yadda Ake Sauke Su

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu uku za mu duba a rayuwar manyan kwamandojin yaƙin zamani: yadda suke hawa, abin da suke yi in sun hau, da yadda ake sauke su.

Na farko, hawan. Mutane sun ɗauka a fagen fama ake gane janar. Ba kullum ba. Ku ɗauki Eisenhower na Amurka. Ya gama makarantar hafsoshi ta West Point a 1915, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo ya wuce bai taka filin daga ba, yana gida yana horar da sojojin tankar yaƙi. Daga nan sai ya maƙale a muƙamin manjo kusan shekara 16. Shekara 16, jama'a! Yaron da aka haifa ranar da aka ba shi manjo, har ya fara gashin baki ba a ƙara masa girma ba. (dariya)

To me yake yi duk tsawon lokacin nan? Nan nake so ku kasa kunne. A Panama wani janar, Fox Conner, ya ja shi a jiki, yana ba shi littattafan tarihin yaƙi, in ya karanta sai ya titsiye shi: me ya sa wancan kwamanda ya yi haka, kai da ya za ka yi? A 1926 ya zo na ɗaya a kwalejin hafsoshi ta Leavenworth. Sannan ya yi shekaru yana rubuta wa Janar MacArthur takardu, a Washington da kuma Filifin. Aikin tebur ke nan. Mota nawa, abinci nawa, jirgi nawa zai kwashi mutum nawa. Aikin da matashin soja yake rainawa. Ina maimaitawa, aikin da matashin soja yake rainawa, ni kuwa a ganina shi ne ya yi Eisenhower.

Da Japan ta kai hari Pearl Harbor a Disamba 1941, Janar Marshall, shugaban hafsoshin sojan ƙasa na Amurka, ya kira shi Washington, ya zayyana masa halin da ake ciki, ya tambaye shi mene ne abin yi. Ya nemi 'yan sa'o'i, ya zauna ya rubuto amsa. Shi ke nan, ƙofa ta buɗe. Mutumin da yake laftanar-kanal a farkon 1941, zuwa Fabrairu 1943 yana da tauraro huɗu a kafaɗa. Na biyu, abin da suke yi in sun hau. Kafin harin Normandy a gaɓar tekun Faransa na 6 ga Yuni 1944, wanda ya ɗaga da kwana ɗaya saboda iska da ruwan sama, ya rubuta 'yar takarda ya sa a walat, cewa in abin ya lalace laifin nasa ne shi kaɗai. Wallahi wannan takarda tana taɓa ni.

Akwai kuma rabo. Montgomery ya samu Runduna ta Takwas ta Ingila a Agusta 1942 ne saboda an harbo jirgin Janar Gott, wanda aka fara zaɓa. Bayan wata biyu da ɗoriya sai yaƙin El Alamein a Masar, inda ya ci nasara a kan Rommel, janar ɗin Jamus.

Na uku, saukewa, zan yi sauri don shugaban taro yana kallon agogo. Zhukov na Tarayyar Sobiyet, ɗan talakawan ƙauye, shi ya kare Mosko a 1941, ya shiga Berlin a 1945, amma a 1946 shugaban ƙasarsu Stalin ya rage masa matsayi, ya tura shi Odessa. Shugaban Amurka Truman ya sallami MacArthur a Afrilu 1951 ana tsakiyar yaƙin Koriya. Rommel kuwa guba aka tilasta masa ya sha a Oktoba 1944. Ko kun ga... na'am, Malam?

(Wani ya tambaya ko dole sai mutum ya bi ta makarantar soja.)

Allah ya saka da alheri, Malam, ka kai ni inda nake so. Vo Nguyen Giap na Biyetnam malamin tarihi ne a Hanoi, bai bi ta kwalejin hafsoshi ba. Amma kada ka ce bai yi karatun ba, tarihin yaƙe-yaƙen Napoleon ya sha shi. Ka duba Dien Bien Phu, inda ya gwabza da Faransawa. A Janairu 1954 an gama shiri, an ja manyan bindigogi da igiya da ƙarfin damtse an hau da su duwatsu, sojoji suna jiran umarni. Sai ya duba ya ga Faransawa sun ƙarfafa sansaninsu, ya soke harin, ya ce a janye bindigogin baya. Ka yi tunanin fuskar mutanen da suka ja su! Aka koma haƙa ramuka da tara harsashi da shinkafa. Sai 13 ga Maris ya buɗe wuta, ana matsowa rami bayan rami, sansanin ya faɗi ranar 7 ga Mayu. Akwai wani hannu can gefen mata, Hajiya, bismillah.